Kumburin Kuncin da Ba Hangum Ba

A ƙarshen shekarun 1980, likitocin babban asibitin garin Ubon Ratchathani, a arewa maso gabashin Tailan, sun fara lura da wasu yara da ake kawo musu da ciwo iri ɗaya. Kunci ɗaya ya kumbura tun daga gaban kunne har ƙashin muƙamuƙi, jiki ya yi zafi rau, yaro ba ya iya buɗe baki balle ya tauna tuwo. Duk wanda ya gani zai ce hangum ne. Sai dai hangum kan kama ɓangare biyu a galibi, ba ya tara mugunya, kuma cikin mako guda ko kwana goma yakan sace da kansa. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi, har wata rana a wayi gari mugunya na tsiyaya daga cikin kunnen yaron.

A 1989 Dakta David Dance da abokan aikinsa suka wallafa bayanin yara tara da suka duba. Dukkansu ƙurji ya taru a cikin maɓuɓɓugar yawun da ke gaban kunne. Biyar daga ciki ƙurjin ya fashe da kansa ta ramin kunne, biyu kuma gefen fuskarsu ya shanye. Da aka shuka mugunyar a ɗakin gwaji, ƙwayar da ta tsiro ita ce wadda a yau ake kira Burkholderia pseudomallei, mai haddasa cutar meliyoidosis. A lissafinsu, kashi 38 cikin 100 na yaran da cutar ta kama a wannan asibiti ta kunci ta ɓullo musu.

Tun daga nan aka riƙa koya wa ɗaliban likitanci a yankin cewa wannan ciwon yara ne. Kuma gaskiya ne, har a Kambodiya. A asibitin yara na Angkor da ke Siem Reap, da aka bi diddigin yaran da suka zo da mugunya a wannan wuri tsakanin 2007 da 2011, an tarar kusan kashi uku cikin huɗu wannan ƙwayar ce. Matsalar ita ce abin da aka saba gani a yara yakan sa ido ya rufe idan ya zo a jikin babba. Magidanci ɗan shekara hamsin da kumburarren kunci ba ya tuno wa likita meliyoidosis. Amma an samu irinsa, jefi-jefi, a Indiya da Maleshiya da Siri Lanka da ita kanta Tailan, kuma kusan duk labarinsu ɗaya ne: mai ciwon suga ne, ya sha magunguna kala-kala a banza, sai daga baya aka gano abin da ke cin sa.

Kafin mu kai ga dalilin haka, bari mu san ƙwayar tukuna.

Ba daga mutum ake ɗaukar ta ba, sai dai da ƙyar. Gidanta ƙasa ce da ruwa, musamman taɓon gonar shinkafa. Da rani takan lafe a cikin ƙasa mai ɗan zurfi inda akwai sauran danshi, idan damina ta sauka ruwa ya taso da ita sama. Taurin ranta ya wuce misali: masu bincike a Tailan sun ajiye ta a cikin tataccen ruwa, wanda ba komai na abinci a cikinsa, bayan shekara 16 aka duba aka same ta da rai. An fara gano ta a 1911 a birnin Rangun na ƙasar Bama, inda Alfred Whitmore da C. S. Krishnaswami suka riƙa ganin gawarwakin talakawan titi, da yawansu masu yi wa kansu allurar mofin, huhunsu cike da ƙuraje irin na wata cutar dawakai da jakuna. Daga wannan kamannin ne Stanton da Fletcher, da ke aiki a Kuala Lumpur, suka laƙaba wa cutar suna meliyoidosis a 1921, daga kalmar Girkanci da ke nufin ciwon jakuna.

Hanya uku take shiga jiki. Ta kaushi ko yankan ƙafar manomin da ya wuni tsaye cikin taɓo. Ta numfashi, idan guguwa da ruwan sama mai ƙarfi sun tashi ƙurar ruwa. Sai kuma ta baki, a ruwan sha. Wannan ta ukun ita ce ta shafi maganarmu.

Abin da ya fito da ita fili shi ne kwatanta Tailan da arewacin Ostireliya. A birnin Darwin akwai wani bincike da aka fara a watan Oktoba na 1989 ƙarƙashin Farfesa Bart Currie, inda ake rubuta kowane mai meliyoidosis da ya zo asibiti. A shekara 30 sun tara mutum 1,148. Fiye da rabinsu ta huhu ta kama su. Maza da yawa, kusan ɗaya cikin biyar, an same su da ƙurji a ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Amma kumburin kunci, wanda ya cika ɗakunan yara a Ubon da Siem Reap, kusan ba a ganin sa a Darwin, ko a yara. Yaran can a fata ta fi fito musu. Ƙwaya ɗaya, damina iri ɗaya, amma fuska biyu. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne ruwa. Mutumin Darwin ruwan famfo mai sinadarin kulorin yake sha. Yaron ƙauyen Tailan ko Kambodiya daga rijiya ko tafki ko tulun ruwan sama yake sha, a kududdufi yake wanka yana kurɓa. Bincike a arewa maso gabashin Tailan ya tabbatar da ƙwayar a cikin ruwan da mutane ke sha, har da na wasu famfunan ƙauye da ba a sa musu magani. A Ostireliyar ma, lokutan da cutar ta ɓarke a ƙauyukan da ruwansu ba kulorin, an bi sawu an tarar daga ruwan da ake raba wa mutane take.

To ta yaya abin da aka kurɓa zai koma kunci? Sai an dubi ginin wurin. Manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida ne, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ta gaban kunne ita ce babba, kuma tana da wani siririn bututu da ya ratso kumatu ya buɗe a cikin baki, daura da turmin haƙori na biyu na sama. Mai lafiya yawunsa kullum gangarowa yake ta wannan bututu, yana wanke shi kamar yadda ruwa mai gudu ke share kwata. Ranar da yawu ya ja baya, saboda ƙishirwa ko zazzaɓi ko wani magani mai busar da baki, ƙwayoyin cikin baki sai su samu hanya su haura. Yawun wannan maɓuɓɓuga kuma tsinkakke ne, ba shi da yauƙin da na sauran ke da shi mai riƙe ƙwayoyi, shi ya sa ta fi su saurin kamuwa.

Wannan haurawar ba sabuwa ba ce a wurin likitocin manya. Sun san ta a tsofaffi da suka bushe, da waɗanda aka yi wa babbar tiyata suka kwana biyu ba ci ba sha. Shugaban Amurka James Garfield, bayan an harbe shi a watan Yulin 1881, kuncinsa ya kumbura ya tara mugunya makonni kafin rasuwarsa a watan Satumba. A irin waɗannan, ƙwayar da aka fi samu ita ce sitafilokokus, wadda ke sa maruru. Don haka idan babba ya zo da kumburarren kunci, hannun likita da kansa yake kai wa ga maganin sitafilokokus. Ba laifinsa ba ne, abin da aka fi gani ke nan. Amma a nan ne ake ɓata mako biyu ko uku.

Domin Burkholderia pseudomallei ba ta jin yawancin magungunan da ake fara bayarwa. Fenisilin ba ya taɓa ta, ampisilin ba ya taɓa ta, allurar jentamisin kuwa kamar an zuba ruwa a bayan agwagwa, don tana da wasu famfuna a jikinta da ke fitar da maganin waje da zarar ya shiga. Seftiriyazon, wadda ta zama allurar kowa da kowa a asibitocinmu, takan ɗan rage mata kaifi amma ba ta kashe ta yadda ya kamata, kuma an ga masu mutuwa sun fi yawa idan da ita aka dogara. Ga ta kuma da iya ɓuya a cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne su haɗiye ta su narkar. Maimakon su cinye ta, sai ta mai da su ɗakin kwana, ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba tare da ta fito fili ba.

A nan ne bambancin yaro da babba yake, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Yaran Ubon tara ɗin nan ba wanda aka samu da wata cuta da ta raunana shi tun farko. Lafiyayyu ne da suka kurɓi ƙwayar da yawa, jikinsu ya tare ta a bakin ƙofa, aka yi faɗan a kunci. Shi ya sa yawancin irin waɗannan yara kan warke idan an fitar da mugunyar an ba da maganin da ya dace. Babba kuwa, in ka ga meliyoidosis ta kama shi, galibi akwai abin da ya riga ya buɗe mata ƙofa. Na farko ciwon suga. A ƙididdigar Darwin kashi 45 cikin 100 masu suga ne, kuma a Tailan an kiyasta haɗarin mai suga ya ninka na wanda ba shi da shi sau goma sha biyu. Sai yawan shan barasa, ciwon ƙoda, tsohon ciwon huhu, da magungunan da ke danne garkuwar jiki. A jikin irin wannan mutum ƙwayar ba ta cika tsayawa a bakin ƙofa ba. Wucewa take cikin jini, ta sauka a huhu, a hanta, a saifa. Shi ya sa ba a cika ganin ta a kuncin manya ba: kafin ta tsaya nan ta riga ta yi gaba.

Saboda haka idan ta bayyana a kuncin babba, tambaya biyu ce ke tasowa. Daga baki ta haura, kamar a yara, da taimakon bushewar bakin da suga ke jawowa? Ko kuwa daga cikin jini ta zo ta sauka nan, kuncin kuma shi ne kawai wurin da ido ke iya gani? Ba a rabe su da kallo. Dole a shuka jini, a ɗauki hoton ƙirji, a duba ciki da na'ura. Sau da yawa mutumin da bai taɓa kukan ciki ba sai a tarar da ƙananan ƙuraje a saifarsa ko hantarsa, jere kamar saƙar zuma, wanda kusan tambarin wannan cuta ne. Ga namiji kuma a leƙa ƙarƙashin mafitsara. Wasu ma a wannan zuwan ne ake fara gaya musu suna da suga. Likitan da ya tsaga kunci ya matse mugunya ya sallami majinyaci, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Tsagawar ma ba wasa ba ce. Jijiyar da ke motsa fuska, wadda ke rufe ido da ɗaga gira da yin murmushi, ta tsakiyar wannan maɓuɓɓuga ta ratsa, ta rabu gida biyar kamar yatsun hannu. Ƙurjin da kansa yana iya danne ta, wuƙa kuma tana iya yanke ta, mutum ya ƙare da karkataccen baki da idon da ba ya rufuwa. Sannan akwai wata fata mai tauri da ta lulluɓe wurin, wadda ke hana ƙurjin yin laushi da wuri. Mu da muka saba jiran maruru ya nuna kafin a taɓa shi, wannan ba ya nuna a waje sai ya gama ɓarna a ciki, ya nemi mafita ta kunne ko ya gangara wuya. Shi ya sa ake amfani da na'urar duba ciki a gano inda mugunyar ta kwanta, a zuƙe da allura, ko likitan tiyata ya ɗaga fatar gaban kunne ya yi ƙananan ƙofofi bisa layin da rassan jijiyar suka bi. Ba wurin askar wanzami ba ne, komai gwanintarsa.

Maganin mataki biyu ne, kuma na biyun ne ya fi wuyar cikawa. Da farko allura ta jijiya, seftazidim ko meropenem, aƙalla kwana goma zuwa sha huɗu, fiye da haka idan akwai ƙuraje masu zurfi ko ƙashi ya taɓu. Seftazidim tana da tarihi a wannan asibiti na Ubon: a gwajin da Nicholas White da abokansa suka wallafa a 1989, ta rage mutuwar masu tsananin cutar daga kashi 74 zuwa kashi 37 cikin 100. Bayan allura sai maganin sha na kotirimozazol, wadda muka fi sani da Septrin, wata uku zuwa shida. Ka yi tunanin manomin da kuncinsa ya sace, zazzaɓi ya tafi, ga girbi ya zo, a ce ya ci gaba da haɗiyar manyan ƙwayoyi safe da yamma har wata uku, maganin kuma yana iya kawo ƙaiƙayi da ƙuraje ko ya taɓa ƙoda. Da yawa sukan ajiye. Ƙwayar da ta ɓuya kuwa tana nan, bayan watanni ta dawo, wani lokaci ta wata gaɓar daban.

Wannan halin ɓuya ne ya sa sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam suka riƙa jin tsoronta, don an samu waɗanda ta tashi a jikinsu shekaru bayan sun koma gida. An ma daɗe ana ba da labarin wani tsohon soja a Texas da aka ce ta kwanta a jikinsa shekara 62 tun Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya da aka karanta ƙwayoyin halittar wadda aka samu a jikinsa, sai aka ga dangin na nahiyar Amurka ce, ba ta Asiya ba. Ke nan a kusa da gida ya ɗauko ta. Yawancin masu cutar dai sabon kamu ne, kuma takan bayyana tsakanin kwana ɗaya zuwa 21.

Inda aka fi yin asara, a nawa ganin, ba gadon asibiti ba ne, ɗakin gwaji ne. Idan aka shuka mugunyar, ƙwayar takan tsiro a faranti na yau da kullum, amma a hankali, kuma a kwanakin farko ba ta da wata kama ta daban. Ma'aikacin da bai taɓa ganin ta ba zai ɗauka ɗaya ce daga dangin sudomonas da ke yawo a ruwa da ƙasa, ya rubuta cewa datti ne ya faɗa, ya jefar da farantin. Har injunan zamani masu tantance ƙwayoyi sukan ba ta sunan wata. In an bar ta kwana uku zuwa huɗu sai ta bushe ta yi tamoji, tana warin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, ko da yake an hana shinshina ta don ta nan ma'aikaci ke kamuwa. A madubin ƙara girma kuma takan ɗauki launi a kai da gindi ta bar tsakiya fari, kamar fil ɗin maƙale zane. A 1979 wani masani a Ostireliya, Ashdown, ya haɗa wani faranti na musamman da ya zuba wa jentamisin, don maganin ya kashe sauran ƙwayoyi ya bar ta ita kaɗai. Wato taurin kan nata aka mayar tarkon kama ta. Gwajin jini na neman alamun garkuwa ba ya raba gardama a inda cutar ta zauna, don a arewa maso gabashin Tailan yawancin yara kafin su kai shekara huɗu jininsu ya riga ya nuna sun haɗu da ita.

Wannan ya sa nake ɗaukar kalmar "ba kasafai ba" da taka-tsantsan. Gaskiya ne kumburin kunci a manya kaɗan ne idan aka kwatanta da na huhu. Amma ana ƙirga wanda aka gano ne kawai. A 2016 wata tawaga ƙarƙashin Direk Limmathurotsakul ta yi kiyasin cewa mutum 165,000 ke kamuwa da meliyoidosis duk shekara a duniya, 89,000 su mutu, kuma kaso mafi girma a kudancin Asiya ne, inda a lokacin rahotannin da ake da su ba su taka kara sun karya ba. Indiya ta nuna yadda abin yake: da asibitocin koyarwa irin na Manipal da Vellore suka koya wa ma'aikatansu gane ta, sai ga ta tana fitowa, har da a kuncin manya, a wuraren da a da ake rubuta tarin fuka ko "zazzaɓin da ba a san kansa ba". Har yau ba ta cikin jerin cututtukan wurare masu zafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince an yi watsi da su, abin da masu bincike suka daɗe suna ƙorafi a kai.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Wancan kiyasi na 2016 ya sa Najeriya a gaba a Afirka wajen yawan waɗanda ake zaton suna kamuwa. A farkon shekarun 1970 an samu ƙwayar a jikin aladun da aka yanka a mayankar Yamai. A 2011 aka wallafa labarin wata mai ciwon suga da aka gano cutar a jikinta a Ingila bayan ta dawo daga Najeriya. A 2019 masu bincike suka ɗebi ƙasar gonakin shinkafa a jihohi da dama, suka same ta, musamman a Ebonyi da Enugu, har da Kebbi. An kuma same ta a gonakin shinkafar Gana. Ga noman shinkafa na rani da damina yana ta faɗaɗa a fadamunmu, ga ciwon suga yana shiga ƙauyuka, ga ruwan sha daga rijiya da gulbi. Ba ina cewa kowane kumburin kunci a Argungu ko Gaya wannan cuta ce ba. Yawancinsu hangum ne, ko haƙori, ko tsakuwar da ta toshe bututun yawu, ko kaluluwar tarin fuka. Amma manomin shinkafa mai suga, da kunci ɗaya a kumbure, wanda ya sha ampikulos daga kemis ya karɓi jentamisin da seftiriyazon ba sauƙi, ya cancanci a yi masa wannan zato.

A Tailan abin da ake gaya wa manoma bai wuce takalmin roba mai tsawo, da tafasa ruwan sha, da wanke rauni da sabulu nan take, da kauce wa fita cikin guguwa ga mai suga ba. A ɗakin gwaji kuma akwai dabarar da ba ta buƙatar inji. A ɗora ƙananan fayafayan magani uku a kan farantin da ƙwayar ta tsiro: jentamisin, kolistin, da ko-amoksikilab, wanda ake sayarwa da sunan Augmentin. Idan ta ƙi jin biyun farko ta ji na ukun, abin da sudomonas na gaskiya ba ya yi, to a rufe farantin da kyau, a daina buɗe shi a kan tebur, a kira likitan da ya aiko da mugunyar kafin a tashi aiki.